Saukar Baƙon Nesa a Birnin Shehu: Aikin Mai Masauki

A watan Maris na 1824 wani Baturen Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya iso Sakkwato ta hanyar Kano. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai bar shi ya nema wa kansa wurin kwana ba. Hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima aka danƙa shi. Waziri ne ya ba shi masauki, shi ke kai shi fada, ta bakinsa ake jin buƙatarsa, kuma da baƙon zai yi abin da bai kamata ba, Waziri za a fara tambaya. Ba don Bature aka ƙirƙiro wannan tsari ba. Haka fatake ke da fatoma a kowane zango, haka mai kawo shanu kasuwar Kara ke da maigidan da zai tsaya masa. A ƙasar Hausa baƙo ba ya zama daram a gari sai da wanda zai buɗe baki ya ce, "Nawa ne."

Har gobe baƙin nesa na zuwa Sakkwato su zauna wata shida, shekara biyu, wasu ma fiye. Akwai malaman da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da likitocin ƙungiyar MSF da ke aiki da Asibitin Noma tun 2014, da injiniyoyin kamfanin siminti na Kalambaina, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da masu binciken da ke bin sawun rubuce-rubucen Shehu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u. Abin da ya canza shi ne yanzu ba Waziri ake ba su ba. Wani malamin jami'a ko jami'in ofis ne shugabansa zai kira ya ce, "Ga baƙo nan tafe ranar Talata, ka kula da shi." Ga wannan mutum nake wannan rubutu, ko baƙonsa ɗan Ingila ne, ko ɗan Indiya, ko ɗan Kenya.

Kada mai masauki ya ɗauka wahalar baƙunci ta ƙasarmu ce kawai. Dubban Turawan Ingila sun sayi tsofaffin gidaje a ƙauyukan Faransa, musamman yankin Dordogne, suna neman hutu da araha. Tsakaninsu da gida tafiyar awa ɗaya ko biyu ce a jirgi, amma kukansu bai wuce wanda za ka ji a nan ba: ba su jin harshen, kantuna na rufewa da tsakar rana, magini ya ce gobe bai zo ba, maƙwabta sun ɗauke musu kai don sun shiga shago ba su yi gaisuwa ba. Bayan Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 2020 sai ga su a layin neman katin zama, wanda kuma ba shi da katin ba ya wuce kwana 90 a cikin kowane 180. Waɗanda suka ji daɗin zama su ne waɗanda suka san magajin garin ƙauyensu, suka koyi gaida tsohuwar da ke maƙwabtaka da su. To, in haka ne tsakanin Ingila da Faransa, ina ga tsakanin Ingila da unguwar Mabera a Sakkwato?

Takardu su ne farko, kuma ba su da daɗin bayani, don haka a taƙaice. Wanda ya zo aiki ba da bizar yawon buɗe ido zai zauna ba. Ma'aikatar da ta gayyato shi ce ke da alhakin nema masa izni a Hukumar Shige da Fice, har ya sami katin zama da ake kira CERPAC, wanda ake sabuntawa in wa'adinsa ya cika. Kai dai ka rubuta ranar ƙarewarsa inda za ka riƙa gani, ka fara tuni tun da sauran wata biyu. A yi kwafin fasfo da biza da katin rigakafin shawara, ya riƙa yawo da kwafin, asalin kuma a adana. Tun ƙarshen 2020 aka fara wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, asusun banki kuma sai da BVN, kuma baƙo mai iznin zama yana iya samun duka biyun. Kafin su fito akwai jarabar ka saya masa layi da sunanka. In ka yi haka ka sani duk abin da aka yi da layin kanka zai dawo. In ya zama dole, to da sunan ma'aikata ya fi.

Maganar gida ita ce ta cancanci a zauna a kanta, domin a nan ake yin kuskuren da za a shekara ana biya. Kuɗin haya a Sakkwato na shekara guda ake biya gaba ɗaya, wanda ya biya kuwa ya shiga, ba fita sai wa'adi. Dillali zai so ya kai ku ganin gida da sanyin safiya ko bayan la'asar. Kada ka yarda. Ku je da ƙarfe biyu na rana. Ka shiga ɗakin kwana ka rufe ƙofa, ka tsaya minti biyar. Ka ɗora tafin hannunka a bangon yamma. In ka ji shi kamar murfin tukunyar da ke kan wuta, ka sani wannan bango zai ci gaba da fitar da zafi har ƙarfe ɗayan dare, ko fanka nawa aka kunna. Ka ɗaga kai ka dubi silin: akwai tazara tsakaninsa da kwano? Akwai tabon ruwa a kusurwa? Tagogi suna fuskantar juna yadda iska za ta ratsa? Gida mai dogon yaro biyu a tsakar gida ya fi gida mai tayil da fenti mai ƙyalli wanda ba ko ɗan tsiro. Tsofaffin gidajen GRA, wajen titin da aka sa wa sunan Clapperton, an yi su da dogon rufi da baranda da itatuwa, shi ya sa har yau suka fi sababbin gidaje da yawa sanyi, ko da famfonsu ya tsufa.

Daga nan ka fito waje ka dubi ƙasa. Gidan a kwari yake ko a tudu? Ina ruwan sama ke bi? Da rani kowace unguwa kyakkyawa ce, sai watan Agusta ake sanin ta gari. Mai shagon bakin layi zai gaya maka gaskiyar da dillali ba zai faɗa ba, in ka sayi ruwan leda ka zauna kan bencinsa. Wanda zai yi aiki a mazaunin jami'a na dindindin ya tuna cewa hanyar ta ratsa fadamar Rima ce, kuma ambaliyar 2010 ta taɓa cinye gadar ta yanke jami'a da gari.

Kafin a biya ko sisi, a duba mitar wuta. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a Sakkwato, kuma sau da yawa bashin wanda ya tashi gida yake bi. Mita mai kati ta fi kwanciyar hankali. In babu ita, a ga takardar biya ta ƙarshe, a rubuta a yarjejeniya cewa tsohon bashi na mai gida ne. A tsaida la'adar dillali tun kafin a fara yawo. A biya mai gida hannu da hannu ko ta asusunsa, gaban shaidu biyu, a karɓi rasit. Idan kuma baƙon ya fara sha'awar sayen fili don ya ga araha, ka taka masa birki. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, kuma rigimar fili ko ɗan gari tana sa shi furfura.

Ruwa ya fi wuta muhimmanci, ko da yake baƙi da wuta suke fara tambaya. Gida mai burtsatse da tanki a sama shi ne na farko. In babu, a san ranakun da famfo ke kawowa, a kuma sami mai ruwa ɗaya tsayayye wanda zai riƙa turo kurarsa ta jarkoki kowace safiya, a biya shi a kan lokaci, domin ranar da ruwa ya yi wuya wanda ya saba da kai zai fara kai wa. Na sha daban ne: na gora, ko wanda aka tafasa aka tace. Cikin baƙo ba irin namu ba ne, kuma ba abin kunya ba ne ya ƙi ƙanƙarar da bai san da wane ruwa aka yi ta ba. Ni dai ina ba da shawarar a saya masa randa ko tulu a girke a inuwa kan jiƙaƙƙen yashi. Ba ta neman wuta, kuma ruwanta na kashe ƙishirwa yadda na firji ba ya yi. Game da wuta, rana ce arzikin Sakkwato. Faranti na sola da batir da inbata waɗanda za su riƙe fanka da fitila da kwamfuta da ƙaramin firji sun fi janareta sauƙi a ƙarshe, ba hayaƙi ba ƙara, ba layin mai. Amma a sa yaro ya riƙa goge farantan, ƙurar hunturu kan rage musu ƙarfi ƙwarai. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa sai da janareta ko sola mai tsada, don haka a zaɓi ɗaki ɗaya a yi masa, nan ne mafakar bazara.

Shekarar Sakkwato sai an karanta wa baƙo ita tun bai gani ba. Wanda ya sauka a Disamba zai ce wannan gari ai aljanna ce: sanyin safe, ga albasa da tumatir da karas da latas daga fadama, ga kankana. Sai dai leɓe ya tsage, hanci ya bushe, hazo kuma ya hana jirgi sauka a filin Sultan Abubakar III kwana biyu a jere, saboda haka kada ya haɗa tafiyar da ba ta jure jinkiri a wannan lokaci. Man kaɗanya ko basilin sun isa maganin fata. Daga Maris zafi ke tasowa, Afrilu da Mayu ma'auni ya haura 40, dare kuma ba ya hucewa. A nan ne baƙo ke karaya. Dabarar ita ce ya kwaikwayi gari: aiki mai nauyi daga asuba zuwa hantsi, a lafa daga azahar zuwa la'asar, a sake fitowa da yamma. Bature ya saba ganin barcin rana lalaci ne, sai ka fahimtar da shi cewa a nan hankali ne. Ya sha ruwa tun bai ji ƙishi ba, ya dubi fitsarinsa, in ya yi ja to ruwan bai isa ba. Ya sa tufafin auduga masu faɗi da hula ko malafa. Gajeren wando ba ya rage zafi, mutunci kawai yake ragewa. A ajiye ruwan gishiri da sukari na sacet a gida, in kuma babu a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri. Da dare a kakkaɓe takalmi kafin a sa, bazara lokacin kunama ne. Damina na sauka wajen Yuni ta ɗauke a ƙarshen Satumba, da iska mai yaye kwano a farkonta, da sauro a tsakiyarta.

Zazzaɓin cizon sauro ba wasa ba ne ga wanda bai taso da shi ba. Abin da zai kwantar da kai kwana uku shi yana iya kai shi lahira. Gidan sauro dole, raga a taga dole, maganin kariya kuma likitansa ne zai tsara masa. Duk zazzaɓin da ya taso a je a yi gwaji ranar, ba a tsaya shagon magani ana canke ba. Ya zo da rigakafin sanƙarau, domin muna cikin yankin da cutar ke ɓarkewa da zafi, kamar yadda aka gani a 1996 da 2017. Tun makon farko ka kai shi ya ga hanyar Asibitin Koyarwa na jami'a da ta Asibitin Ƙwararru, a buɗe masa kati, a sami lambar likita ɗaya da zai ɗaga waya da tsakar dare. Clapperton da muka fara da shi, a zuwansa na biyu ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a nan a watan Afrilu na 1827.

Duk wannan gyaran gida ne. Abin da ke mai da baƙo ɗan unguwa shi ne kai shi gaisuwa, kuma shi ne abin da masu masaukin zamani suka fi sakaci da shi. Cikin kwana uku da tarewa, ka kai shi wurin mai unguwa. Ba a zuwa hannu rabbana: ƙwaryar goro in da hali, ko ɗan abin da ya sawwaƙa a ambulan, a ce na goro ne. Ku je bayan la'asar. Tun a mota ka koya masa abu uku: ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya rage tsawo in zai gaisa, kada ya miƙa hannu sai an miƙo masa. Kai za ka yi magana.

"Ranka ya daɗe, baƙo muka yi. Likita ne, zai yi aiki da mu shekara biyu, ya kama gidan Alhaji na bakin masallaci. Muka ce ba ya kwana uku a ƙasarka ba ka san da shi ba."

"Madalla, madalla. Kun kyauta. Mi as sunanai?"

In sunan ya yi wuyar faɗa, a nan take za a raɗa masa wani, kuma shi zai bi shi har ya bar gari. Kada ya ji haushi. Clapperton da Abdullahi aka san shi, Heinrich Barth da ya zo a 1853 kuma Abdulkarim. Daga wannan zama mai unguwa zai gaya wa limami, limami ya gaya wa jama'a, kafin isha'i kowa ya san wane ne mai farar motar nan kuma wa ya tsaya masa. Idan baƙon babba ne, ma'aikata ta nemi iso wurin uban ƙasa, daga nan har fadar Sarkin Musulmi, inda ake bi ta hannun sakataren fada, ba a faɗawa kai tsaye. A kuma sanar da DPO na yankin a rubuce.

Sauran ladubban a hankali zai tsince su, amma akwai waɗanda ba a jira sai ya yi kuskure. Hannun hagu ba ya bayarwa, ba ya karɓa, ba ya shiga akushi. Namiji ba ya wuce zaure sai an ce ya shigo. Ba a tambayar hanya ko farashi sai an yi sallama an gaisa, kuma gaisuwar ba a gaggauta ta: kwana, gajiya, iyali, aiki, zafi. Mace baƙuwa ba wanda zai tilasta mata hijabi, amma doguwar riga da gyale za su buɗe mata ƙofofin da namiji ba zai taɓa gani ba, domin ita tana shiga har ɗakin uwargida. Jean Boyd, 'yar Ingila da ta yi shekaru masu yawa tana koyarwa a Sakkwato, da irin wannan zama da mutane ta tattara tarihin Nana Asma'u har ta fitar da littafi a kanta a 1989. Hoto sai da izni, musamman na mata, da na Hubbaren Shehu, da duk inda soja ko ɗan sanda yake. Ranar Juma'a daga hantsi hanyoyin Masallacin Shehu da na Sarkin Musulmi Bello suna cikewa, a gama abin da za a yi a cikin gari kafin nan. Da azumi ba a ce ya yi ba, amma ya ci abincinsa a cikin gida, kuma in maƙwabta suka aiko da kunu da ƙosai, kada kwano ya koma wayam. Jihar na bin shari'ar Musulunci tun 2000, saboda haka zancen giya a fili babu shi. Kirista na da inda zai yi ibada, ga babbar majami'ar Katolika ta Holy Family da wasu da dama. Abu ɗaya ne zan ce ka faɗa masa da kakkausar murya, ba da wasa ba: addini da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba abin raha ko gardama ba ne a nan, a baki ko a Facebook.

In aka yi rasuwa a layin, ka ɗauke shi ku je. Ba sai ya iya dogon jawabi ba. Ya zauna kan tabarma, ya ce "Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri," ya ɗan jima, ku tashi. Zaman minti goma ɗin nan ya fi buhun shinkafar da zai raba da Sallah. Haka suna, haka ɗaurin aure.

Harshe kuwa, ka ƙarfafa masa ya koya ko da yana ganin kowa a ofis na jin Turanci. Sai dai ka faɗakar da shi cewa Hausar littafi da ta rediyo ta Kano ce, abin da zai ji a kasuwa kuma Sakkwatanci ne: "shina zuwa", "mi kake so", "tahi", "lahiya lau". Kada ya zaci kunnensa ne ya lalace. Malami ɗaya, awa ɗaya bayan magariba, sau uku a mako, ya wadatar, sauran kuma mai gadi da mai shayi za su ƙarasa. Murray Last, wanda ya rubuta tarihin Daular Usmaniyya da aka buga a 1967, zama ya yi gaban Waziri Junaidu kamar kowane ɗalibi. Mai son ganin irin takardun da aka yi wannan aiki da su sai ka kai shi Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu.

Kasuwa makaranta ce, kada ka hana shi ita da sunan tausayi. Zuwan farko ku je tare, Kasuwar Daji don nama da kayan miya, Babbar Kasuwa don yadi da kayan gida, Kara don ya ga hatsi da dabbobi, har da jar akuyar Sakkwato wadda fatarta ta yi suna a Turai tun ana ketare Sahara da ita. Ya tsaya ya ga yadda kake yi. Mai albasa ya faɗi kuɗi, ka taya, ya ce "albarka", ka ƙara kaɗan, ka yi kamar za ka wuce, ya ce "kawo", sannan ka nemi gyara. Ka nuna masa cewa "albarka" ba faɗa ba ce, kuma wanda ya taya aka sallama masa ba ya fasawa. Za a ɗan ƙara masa kuɗi saboda fatarsa, wannan ba makawa. Maganinsa ba ciniki mai zafi ba ne, a'a, ya tsaida mutum ɗaya a kowane layi: mahauci ɗaya, mai kayan gwari ɗaya, tela ɗaya. Wata biyu ya zama "na gida", farashinsa ya sauko da kansa. Ya riƙe 'yan canji a aljihu don ɗan kabu-kabu da mai Keke Napep, sauran kuma tiransifa da masu POS sun wadata, amma wanda ya ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ba ya barin gida babu ko kaɗan. Abinci ma a bi shi sannu: masa da miyar taushe, tuwon shinkafa, tsire mai zafi daga wuta, kilishi. Fura da nono sai daga hannun da ka yarda da tsabtarsa.

Ma'aikatan gida ta hannunka za su zo, ko ta hannun mai unguwa, kowanne da wanda ya san gidansu. A faɗi albashi da ranar biya da ranar hutu tun farko. Baƙi sukan faɗa ɗaya daga rami biyu: ko su riƙa zargin kowa, ko su saki hannu har mai gadi ya fi malamin firamare albashi, layin masu neman taimako ya kai bakin titi. Ka gaya masa goron Sallah da taimakon asibiti al'ada ce mai kyau, bashi kuwa in ya bayar ya ɗauka kyauta ya yi. Kai ma ka kiyaye kanka a nan. Da zarar an ga kai ne ƙofar Bature, 'yan uwa da abokai za su fara kawo takardun neman aiki da neman biza. Ranar da baƙo ya fahimci ana cin kasuwa da shi ta hannunka, amana ta tafi.

Saura tsaro, wanda ba a ɓoye wa baƙo shi don kada ya tsorata. Cikin gari ana zaune lafiya, ana fita ana shiga. Amma gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, ya sha fama da 'yan bindiga, haka Tangaza da Gudu ta arewa maso yamma, hanyar Gusau kuma ba a bin ta da ganganci. A watan Maris na 2012, a unguwar Mabera, aka kashe wasu injiniyoyi biyu, ɗan Birtaniya da ɗan Italiya, waɗanda aka sato daga Birnin Kebbi, lokacin da aka yi yunƙurin kuɓutar da su. Ofishin jakadancin ƙasarsa ya riga ya gaya masa wannan, in kai ka yi shiru sai ya daina yarda da sauran maganarka. Tafiya Abuja ko Legas a jirgi. Fita bayan gari sai da sanin ma'aikata da jami'an tsaro, da rana, kuma ba a sanar da ranar tafiya a intanet. Ko Illela zai je ya ga kasuwar kan iyaka, ya tuna ƙetarawa Ƙonni shiga wata ƙasa ce mai neman bizarta. Ya riƙa sauya lokacin fita da hanyar da yake bi. Sai dai kada tsoro ya sa ku kulle shi tsakanin katanga da mota da ofis. Wanda unguwa ba ta sani ba, in baƙuwar fuska ta yi kwana uku tana leƙen ƙofarsa, ba mai zuwa ya faɗa. Wanda ke gaisawa da mai shayi da ladan da 'yan kabu-kabun bakin layi, kafin ya ji labari su sun riga sun tambayi mutumin abin da yake nema.

In wa'adi ya ƙarato, a fara shiri da sauran wata guda. A sanar da mai gida, a zaga ɗakuna tare da shi, a gyara abin da ya lalace, a biya wuta da mai ruwa a karɓi shaida. Ma'aikata su sami albashinsu cikakke da ɗan abin sallama, da takardar shaidar aiki mai sa hannu, domin da ita mai gadi ko kuku zai sami wani gidan. Kayan da ba za a tafi da su ba, baƙon ne zai faɗi wanda ya ba kowanne da bakinsa, a gaban mutane, in ba haka ba rigimar firji da katifa kanka za ta ƙare. A rufe asusun banki ko a san yadda za a yi da shi, ma'aikata kuma ta sanar da Hukumar Shige da Fice cewa ya tashi. Ranar jajibirin tafiya ku koma wurin mai unguwa da limami da maƙwabta na dama da hagu ya yi ban kwana, ya nemi gafara kamar yadda ake yi. Jirgin safe ake nema masa, don in hazo ko wani dalili ya sa an soke, akwai sauran yini a nemi mafita.